Littafin Girkin Ganye da Idon Inna

Garhanga, Janairu 1985

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya, yaya aiki, yaya zaman Abijan? Mu nan lahiya lau, Jima da ƙannenta suna gaishe ka.

Garkar da anka raba muna bakin rijiya ta yi kyau. Shu, wato kabeji, ya naɗe, karoti ya yi kauri, salati har ya hi ƙarhinmu. Sai dai babu wadda ta san yadda ake dahwa su. Mu kan tafasa shu da gishiri, yara su ci suna yamutsa huska.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Inna. Da rana ta hwaɗi ba ta gani, ko buta sai an miƙa mata. Na kai ta likita, anka ce dundumi ne, ta riƙa cin karoti da ganye. Ka san mahaihiyarka. Ta ce ganye da anza, abincin yunwa, ta ci bara har ta binne ƙanwarta, yanzu da Allah ya kawo hatsin taimako ba ta ƙara sa ganye a baki.

Madam Zaliha, mai koya muna karatun manya, ta zo da wani ɗan littafi na Hausa, na girkin kayan garka. Kuɗinsa ya kai na kaza. Mata sun rabu biyu. Delu maƙwabciyarmu ta ce takarda ba ta taɓa tuƙa tuwo ba. Ni na ari littafin in duba da idona kahin in ce komi.

Ka huta lahiya. Iyalinka,
Tabawa

Garhanga, Fabrairu 1985

Zuwa ga Maigida,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan zazzaɓin da ka ambata ya sake ka. Ka gaida Alƙasim da sauran mutanen garinmu da kuke ɗaki ɗaya.

Na karance littafin. Gaskiya rabinsa ba namu ba ne. Wani wuri a ce ki zuba binegar, wani ruwa mai tsami na kwalba, wani wuri a ce nama kilo guda, kamar kowa matar kwamanda ce. Na gwada salatinsu da ruwan tsamiya, Inna ta leƙa kwanon ta ce a kai wa akuya. Delu ta yi dariya har da riƙe ciki.

Amma sauran rabin na amfani ne. Akwai yadda ake yanka shu da karoti a shanya su a inuwa su kai damina. Akwai kuma inda anka ce a kirɓa dahwahwen karoti cikin miya, kuma ɗan mai ko ƙuli-ƙuli yana sa ya hi amfanar jiki. Wannan ban sani ba, Delu ma ba ta sani ba, ta amsa da bakinta.

Saboda haka na sayar da kazata mai wake-wake na sayi littafin. Ban jira amsarka ba, don na tabbata da kana nan haka za ka ce.

Delu ta ba ni shawara in ɓoye karotin cikin miyar kuka, kada tsohuwa ta sani. Na ƙi. Ba na ciyar da Inna da wayo kamar jaririya. Na zauna gabanta na ce, “Inna, wancan ganyen yunwa ta sa ki tsinto shi a daji. Wannan da hannuna na shuka, Jima ta ja masa ruwa.” Ba ta ture kwanon da na aje gabanta ba.

Allah ya tsare mana kai.
Tabawa

Garhanga, Afrilu 1985

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da ban girma, da fatan zahi bai matsa maku ba kamar yadda ya matsa muna. Saƙonka na atamfa ya iso, Allah ya saka da alheri.

Inna tana ci. Da hwarko loma biyu take yi ta wanke hannu. Yanzu idan miyar ta yi ruwa har hwaɗa take mani. Littafin kuwa ya yi baƙi da hayaƙi, yana yawo gida-gida. Ran Juma'a mata kan taru a tsakar gidanmu in karanta masu, mu tsallake abin da ba mu da shi. Busasshen shu ya cika mani tulu biyu.

Shekaranjiya bayan magariba ina kwashe tuwo, sai na ji Inna tana cewa Jima ta ɗauke tabarma daga hanya kada wani ya yi tuntuɓe. Na ɗaga kai. Ashe Inna ita kaɗai ta hito daga ɗakinta, ta ratsa tsakar gida, ta ɗauki butarta inda take. Na juya baya don kada ta ga idona.

Yau da ta ga ina rubutu ta matso ta ce in sa maganarta yadda ta hwaɗe ta. Ga ta nan: “Ki gaya wa yaron nan ya taho gida kahin shuka. Ina so in gan shi, ko da dare ya sauka zan gane shi.”

Na rubuta. Muna sauraren motar da za ta kawo ka.

Iyalinka mai ƙaunarka,
Tabawa