Na Daina Makara, Yanzu Kowa Haushina Yake Ji

Gwaggo mai fili, sallama da gaisuwa. Don Allah ki taimake ni kafin ƙarshen wata, domin aikina na shekara goma sha ɗaya yana rawa, kuma abin da ya jawo shi ne na gyara halina.

Ni direban bas ɗin ma'aikata ne a wani kamfanin sabulu. Kujera talatin da biyu, kullum cike. A takarda an rubuta in isa tashar farko, gaban wani kemis, da ƙarfe bakwai na safe. Ni kuwa tun ranar da na kama aiki bakwai da minti ashirin nake isa. Ban taɓa yin bakwai da sha tara ba, ban taɓa yin bakwai da ashirin da ɗaya ba. Mai kemis ma da hon ɗina yake saita agogon bangonsa. Muna shiga ƙofar kamfani takwas saura biyar, a tayar da injuna ƙarfe takwas, babu wanda ya taɓa cewa uffan.

Watan jiya aka kawo mana sabuwar manaja, wadda ma'aikata suka laƙaba wa Madam Agogo tun a satinta na farko. Ta raba mana takardar auna ƙwazo da Turanci. A tawa, gaban wata kalma, consistent, ta ba ni maki biyar cikin biyar. Gaban wata kuma, reliable, ta ba ni ɗaya. Ni da Turancina na gefen titi na ɗauka duk ɗan juma ne da ɗan jummai, na ce hannunta ne ya zame. Na kai takardar gida ina taƙama, na miƙa wa 'yata ta fari, wadda ke karanta Turanci a kwaleji. Gwaggo, yarinyar nan da na biya wa makaranta ta yi dariya har ta ƙware.

Da ta dawo hayyacinta ta yi min darasi. Ta ce ta farko tana nufin mutumin da kullum abu ɗaya yake yi, mai kyau ne ko akasinsa, kamar agogon da ke baya da minti ashirin kuma bai taɓa fasawa ba. Ta biyu kuma mutumin da abin da aka yi alkawari da shi, shi za a gani. Na tambaye ta wata kalma ta uku da aka ba ni huɗu a kanta, stable, ko ita za ta cece ni. Ta ce wannan ta abin da ba ya tangaɗi ce, kuma teburin falonmu ma ya cancanci biyar a kanta, ga shi bai taɓa kai kowa wurin aiki ba. Uwarta tana kicin tana taya ta dariya.

Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ga shi Madam ta rubuta a ƙasa cewa in makina ɗaya bai tashi ba zuwa ƙarshen wata, za a nemi wani direban. Sai na ɗaura ɗamara. Ranar Litinin ƙarfe bakwai cif na danna hon a gaban kemis.

Babu kowa sai wata akuya. A tasha ta biyu na hango babban makanikenmu ta madubi, ya biyo ni da gudu, rabin gemunsa a aske, rabi da kumfa, takalmi ɗaya a hannu. Na so in tsaya, na tuna maki ɗaya, na taka mota. A tasha ta uku wata baiwar Allah da ke ɗakin gwaji, wadda muke kira Maman 'Yan Biyu, ta leƙo ta taga da yaro a kowane hannu, ta yi min wani kallo da har yanzu nake ganinsa. Na isa kamfani bakwai da minti talatin da biyar da fasinja uku, ɗaya daga cikinsu ma ba ma'aikacinmu ba ne. Ranar ba a tayar da inji ba sai tara da kwata.

Yau kwana tara ke nan. Wasu sun gyara, yawanci ba su gyara ba, domin wannan yana kai yara makaranta, wancan yana jiran ruwan famfo ya zo, duk sun gina safiyarsu a kan makarata. A bas ba mai amsa gaisuwata. Makanike ya ce na ci amanar zumunci. Madam kuma ta kira ni ofis tana tambayar yadda aka yi tun da na fara zuwa a kan lokaci kamfani ya fara makara. An yi gudun gara an tadda zago.

Akwai abin da ban gaya wa kowa a wurin aiki ba. Bas ɗin a ƙofar gidana yake kwana, kuma in zan isa kemis da bakwai sai na tashi shida da rabi. To shida da rabi ne mahaifina yake kashe rediyo bayan labarai. Ya haura tamanin, kuma tun rasuwar Inna ba ya shan shayi da maganinsa sai daga hannuna. Ina miƙa masa kofi zai fara ba ni labarin ranar da ya fara ganin Inna a layin asibiti, ta taka masa ƙafa ta ƙi ba shi haƙuri. Labari ɗaya ne kullum, ba ragi ba ƙari, minti ashirin cif. In ka katse shi sai ya koma farko. Na gwada tashinsa da wuri, ya ce shi ba ya magana kafin ya ji halin da duniya ta kwana.

Yanzu ajiye kofin nake yi in fita da gudu. Kwana uku na farko yana fara labarin ina bakin ƙofa. Jiya ko farawa bai yi ba, ya ce in je kada in makara. Maiɗakina ta ce shayin yana nan yadda na ajiye shi har ya huce. Na tuƙa bas ɗin ina share hawaye da bayan hannu.

Gwaggo, in koma makara a kore ni, ko in ci gaba da zuwa a kan lokaci ni da akuya?

Naki,
Direban Bakwai da Ashirin

*

Malam Direba, na amsa sallamarka. Na yi dariya har na zo kan shayin, a nan na daina.

Bari in fara da 'yarka. Darasinta daidai ne, kuɗin makaranta bai tafi a banza ba, sai dai ta tsaya a rabin hanya. Mutum abin dogaro ne ga wanda ya san abin da zai samu a wurinsa. Fasinja talatin da biyu sun san bakwai da ashirin, sun dogara da ita shekara goma sha ɗaya, ba ka taɓa ba su kunya ba sai ranar da ka shiryu. Madam kuwa bakwai aka ba ta a rubuce, don haka a wurinta kai mai saɓa alkawari ne. Kada ka ga laifinta. Baƙuwa ce, takarda ta tarar, kuma ba ta da ilimin gaibu da za ta san akwai dattijo da kofin shayi a cikin lissafin.

Kai ma kana da naka kason. Shekara goma sha ɗaya ka bar takarda tana faɗin abu ɗaya, motarka tana yin wani, ba ka taɓa neman a daidaita su ba. Sannan ka sauya lokacin mutane rana tsaka ba ko sanarwa, ka bar bawan Allah yana gudu a titi da rabin gemu. Ka ba shi haƙuri. Fasinjojin naka su ma su rage fushi, laifi tudu ne, sun taka nasu suna hango naka.

Ga abin yi. Gobe ka je ƙofar kamfani ka roƙi masu gadi su nuna maka littafin da suke rubuta shigar motoci. In da gaske takwas saura biyar kake shiga tun fil azal, shaidarka tana ciki. Ka ɗauki makanike da Maman 'Yan Biyu ku shiga ofishin Madam tare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka gaya mata labarin Baba yadda ka gaya min. Kada ka roƙi izinin makara, babu manajan da zai sa hannu a kan wannan. Ka roƙi a gyara jadawali, a rubuta bakwai da ashirin. Abin da take so shi ne inji ya tashi ƙarfe takwas, kuma kwana taran nan sun nuna mata wane lokaci ne ke tayar da shi. Da zarar an rubuta, ka zama mai cika alkawari ba tare da ka sauya ko minti ɗaya ba.

In ta ƙi, to ka yi sanarwa a bas, ka ba mutane sati guda su shirya, ka riƙe aikinka, domin Baba ma da albashin nan yake shan magani. Sai 'yarka ta karɓi kofin safe. Tunda ta iya bambance kalmomi, ta zauna ta koyi sauraro, kai kuma ka karɓi na yamma.

Amma ina kyautata zaton ba za ta ƙi ba. Jadawalin kamfani da biro ake gyara shi. Minti ashirin ɗin Baba kuwa ba ka san sau nawa suka rage maka ba. In ya yi shiru, kai ka fara: ka tambaye shi wace ƙafa Inna ta taka.

Allah ya tsare hanya, ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa shayin ya shiga da zafinsa.

Gwaggo