Ƙattin Ƙanƙara da Baffan Atika

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Atika ɗiyata ta dawo daga makaranta da murna, an zaɓe ta gasar kimiyya ta makarantun sakandare. Tambayar da anka ba ta: mi ya sa ake kiran duniyoyin Yuranus da Naftun ƙattin ƙanƙara? Na ce ai nisa da rana ne, sanyi ya daskarar da su. Malamin jogirafi ne ni, ko shakka ban yi ba. Ta rubuta.

Laraba, 7 ga Mayu
Junaidu ƙanena ya zo daga unguwar Arkilla, sabon malamin jami'a, da motarsa mai sanyi. Ya duba takardar yarinyar ya yi murmushi. "Yaya, ba haka ba ne fa." A gaban ɗiyata!

Wai Mushtari da Zuhal kusan duk haidirojin ne da hiliyam, shi ya sa ake ce musu ƙattin gas. Su kuwa waɗannan biyun, mafi yawan jikinsu ruwa ne da amoniya da miten. Masana na kiran waɗannan abubuwa ƙanƙara saboda a daskare suke can nesa da rana lokacin da duniyoyin sunka samu. Yanzu cikinsu ruwa ne mai kauri, zafi kamar mi.

Atika ta soke amsata da jan biro. Junaidu fa, yaron da na goya zuwa makarantar allo.

Alhamis, 8 ga Mayu
Na duba a waya, a ɗakin malamai. Gaskiyarsa ce. Abinci bai shiga ba.

Asabar, 10 ga Mayu
"Baffa ya ce miten ne ke sa Naftun shuɗi." Baffa ya ce, Baffa ya ce, tun safe. Balkisu matata ta dube ni, "Malam, ko kishin ƙanenka kake?" Na ce zafi ne, ba a kawo wuta ba. Ta shige kicin tana dariya.

Alhamis, 15 ga Mayu
Gasa. Atika ta zo ta ɗaya. Da anka miƙa mata makirufo ta gode wa Allah, ta gode wa Baffanta. Ni ina layi na uku, waya a sama ina ɗaukar ta. Na tafa. Kowa ya ga na tafa.

A keke napep, hanyar gidanmu a Minanata, ta yi barci a kafaɗata, kofin da ta ci na cinyarta. Ban motsa ba har ƙofar gida.

Litinin, 19 ga Mayu
Na yi wa 'yan ajina bayanin duniyoyin nan biyu, daidai wannan karon. Ladan, mai yawan tambaya, ya ce, "Malam, ina ka samo duk wannan?" Na ce, "Wurin ƙanena, malamin jami'a ne." Ban san sadda maganar ta fito ba.

Bayan la'asar na bi ta Arkilla, hanya ce kawai ta biyo da ni. Junaidu ya yi ta bayanin guguwar Naftun har magariba, surutu gare shi tun yana ƙarami. Na ce ya zo Laraba ya yi wa ajina.

Don yaran ne.