Dawar da Na Yi Taƙama da Ita Za a Ba Ni Taimako

Mama Alheri, ki taimake ni da shawara, na shiga halin da ko matata ta gaji da yi mini dariya a kansa. Ki yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu na firamare muka rabu da boko, kuma ba wanda ya yi kewar wani.

Ni magidanci ne a Kaura Namoda, yara biyar, gonata tana wajen Ɗan Isa. Bara damina ta yi kyau, 'yan bindiga kuma suka bar mu muka yi noma lafiya. Na ɗaure dami sittin na dawa, ni da ban taɓa wuce ashirin da biyar ba. Daga nan kaina ya kumbura har hula ta daina shiga.

A gida ni ke jan Addu'ar Ubangiji kowace safiya. Sai na tsiro da wasa: in mun zo wurin roƙon abincin yini, in yi tari, in ce wannan layin mun ba shi hutu sai baɗi, kada mu dami Allah da abin da ke cikin rumbu. Yara su yi ta dariya. Ladidi, matata, ba ta taɓa yi ba.

Ranar godiyar kaka a coci, wani ya kawo tiya biyu, wata ta kawo kaza. Ni amalanken shanu na tura, dami goma na farkon yanka, na ce wa mai shanun kada ya iso sai mutane sun cika. Da aka ba ni damar ba da shaida, na yi minti ashirin a kan taki da iri da sammako. Sunan Allah ya shigo sau ɗaya, can ƙarshe, kamar baƙon da ya makara.

Ga inda na yi wautar. Na gayyaci dattawan coci su biyo gida su ga rumbu cike, don haka na yi sauri na zuba sauran hamsin ɗin tun ba su gama bushewa ba. Maƙwabcina Malam Mahmuda ya taɓa zangarniya ya ce da sauran danshi. Na ce masa mai dami sittin ba ya ɗaukar karatu wurin mai sha takwas. Na liƙe rumbu da laka, muka ci gaba da cin gero.

Da gero ya ƙare na buɗe. Mama, funfuna ce baƙa ƙirin, abin da ta rage gara ta gama. Kaji ma sun duba sun juya.

Yanzu Mahmuda ke aiko mana da tiya guda duk Juma'a, bai taɓa tuna mini maganata ba, wannan ya fi zagi ciwo. Hatsin godiya kuwa coci kan adana shi, a raba wa gwauraye da 'yan gudun hijira in damina ta faɗi. Ladidi ta je a ɓoye ta ba Dattijo Jatau, mai kula da rabon, sunanmu. Asabar mai zuwa za a kira sunaye a farfajiyar coci. Dawata ce za a miƙo mini, kowa ya san ɗaurina.

In je, ko in tura Ladidi, ko in ce a cire sunan? Yara sau biyu suke ci yanzu. Kuma da safe in mun zo wancan layin, sai duk su yi shiru suna kallona.

Naki,
Mai Rumbun Funfuna

*

Ɗan'uwana Mai Rumbu,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma kai ka fara. Bari in ba ka haƙƙinka tukuna. Dami sittin ba ya faɗowa daga sama ɗaurarre, ka yi gumi, kuma murna da amfanin gona ba zunubi ba ne. Dami goman nan ma, ko da don taƙama ka kai su, cikin masu yunwa za su shiga.

Amma ka ƙirga abin da ba kai ka yi ba. Ruwan ba kai ka saukar ba. Manoma nawa a Zurmi da Shinkafi suka fi ka sammako, ba su ko ga gonarsu ba bara? Kai kuwa ka je gona ka dawo da ƙafafunka. Roƙon abincin yini ba don mai rumbu wayam kaɗai aka koya mana shi ba, mai rumbu cike ya fi bukatarsa, don shi ne mai saurin mantuwa.

Kada ka ce a cire sunan. Cikin yara biyar ba wurin ajiye girman kanka ba ne. Kada kuma ka tura Ladidi, ba ita ta tura amalanke ba, ta ma yi nata da ta kai sunan. Ka je da kanka, da wuri, ka tsaya a layi. Ka daina cewa dawarka ce. Tun ranar da ka ajiye ta gaban bagaden coci ta tashi daga taka. Ka lura da kyau: cikin dami sittin, abin da ka saki daga hannunka ne kaɗai ya tsira.

Za a yi murmushi, wataƙila wani ya jefa magana. Kai da ka iya ba'a, ka riga su yi wa kanka, zai wuce kafin azahar. Daga can ka biya gidan Malam Mahmuda ka ce masa shi ke da gaskiya, bana kuma ya duba maka dawa kafin ka liƙe rumbu.

Shirun yaran nan ya fi damuna. Kai ka koya musu dariya a wurin, kai za ka gyara. Gobe da safe ka faɗa musu a gajarce cewa Baba ya yi kuskure, sannan ka faɗi layin a hankali, ba tari.

Allah ya ba ka damina mai albarka, ya sa hular ta koma daidai kai. Ka gaida Ladidi, mace ce ta gari.

Mama Alheri