Yadin Fiffiken Jirgi

Zuwa ga Yaya Barira, Kunci.

Bayan gaisuwa, yaya Inna, yaya kuke da wannan fari? Mu a Kartum lafiya, sai kewa.

Na yi laifi, Yaya. Rigunan da na aiko wa 'ya'yanki, na ɗinka su ne da yadin da maigidana ya sayo don lulluɓe fiffiken tsohon jirginsa. Shekara talatin yana koya wa matuƙa tashi sama, bai taɓa tambayar ko gero ya yi ba. Gwangwanin jirgi ya sami sutura, 'ya'yan Musulmi suna cikin tsumma? Ko tausayi ne ya sa ni, ko ƙin gwangwanin, Allah ne masani.

Kada ki gode masa, bai san na ɗauki yadin ba. Na yi wa Allah alkawarin faɗa masa kafin azumi. Ga salla ta wuce, ban faɗa ba.

Ƙanwarki, Asama'u.