Sababbin Igiyoyi a Jirgin Chen

Sakinatu,

Na fita kina barci. Jiya a tashar jiragen ruwa ta Nansha ni da lawban Chen, wato maigida Chen, mun sake wa jirginsa igiyoyin da ke tare ƙyallen iska in an sauke shi. Tsofaffin sun ruɓe, ƙyallen har cikin ruwa yake zubewa. Da muka ɗaura sababbi, sai ya sauko a hankali ya kwanta tsakaninsu kamar jariri a goye. Na daɗe ina kallo, ina tunanin namu da ke tafe.

Igiya ɗaya ta gaza, dole na koma. Ki yi haƙuri, maƙwabciyarmu Nana Hafsat za ta raka ki awo.

Chen ya ce in kin sauka lafiya, zai kai mu mu uku har inda kogi ya shiga teku.

Naki,
Musaddiq