Firjin da Aka Sa wa Jan Fenti

Litinin, 3 ga Maris
Sabon firjin ya daina sanyi. Fitilarsa na kamawa, amma ciki ɗumi. Na kwashe allurar sugan Malam, maigidana, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na kai gidan maƙwabciya. Nata ma irin nawa ne, sai dai bai mutu ba tukuna.

Ban san me ya sa nake jin kunya ba. A'a, na sani. Bara da mutanen shirin tallafi suka zo, ni suka roƙa in yi wa matan ajina na islamiyya bayani. Wai gas ɗin tsofaffin firji yana cinye wani rufi da ke sama, ozon, wanda ke tare mana zafin rana. A kawo tsoho a lalata, a karɓi sabo. Na ɗauki abin amana. Na ce wa mata rufin da Allah Ya yi mana ba namu ba ne mu ɓata. Ni na fara kai nawa.

Laraba, 5 ga Maris
Ƙanena mai gyara ya zo. Gas ya zurare, in ji shi, kuma irinsa kamfani ɗaya ne ke kawowa, dillalinsu kullum sai ya ce kaya na kan ruwa. Na ce to a sa irin tsohon gas ɗin, ya ce injin ba zai ɗauka ba. Wai a taron horon da aka yi musu, kamfanin ne ya raba huluna da abinci, kuma shi ne dai mai sayar da tsohon gas ɗin a da.

"Yaya, su suka huda rufin, su ke sayar da faci. Ke kuma kika yi musu wa'azi kyauta."

Na yi dariya don kada in yi kuka a gabansa.

Asabar, 8 ga Maris
Na maƙwabciya ma ya tsaya. Ta miƙo mini ƙullin allurar ta kan katanga.

Talata, 11 ga Maris
Na je ofishin shirin. Kwaɗo a ƙofa. Hoton duniya da laima a kanta yana nan manne, rana ta cinye launinsa. Mai gadi, dattijo mai kirki, ya ba ni bencinsa. Ya ce kuɗin wannan zagayen ya ƙare, masu bayarwa sun juya ga wani abu, sai in an sake zama a can ƙasashensu. Na tambaye shi wa zan kai wa kuka. Ya ce shi ma abin da yake tambaya ke nan.

Juma'a, 14 ga Maris
Sugan Malam ya hau. Ma'aikaciyar asibiti ta ɗaga kwalbar ga haske ta ce zafi ya taɓa ta, a zubar. Ta ba mu wata. Ta ce, Baba, in ba sanyi, wannan ma haka za ta yi. Ƙanƙarar da nake saya ina sa allurar a ciki, kafin azahar ta zama ruwa.

Lahadi, 16 ga Maris
Ƙanena ya ce in raka shi bayan kasuwa, bai faɗi dalili ba. Wani fili ne cike da tsofaffin firji, kowanne da jan fentin da aka shafa musu ranar karɓa, alamar a lalata. Ba a lalata ko ɗaya ba.

Nawa yana layi na biyu. Na gane shi da wayar da Malam ya ɗaure marikin da ita. Mai filin ya buga masa hannu kamar mai tallan rago, ya ce Hajiya wannan ba ya mutuwa, gas ɗinsa ma akwai, ta bayan fage yake shigowa. Na ce ni ba Hajiya ba ce, na juyo.

Litinin, 17 ga Maris
Na tambayi Malam ko akwai alhaki a kaina in na dawo da shi. Ya ce in bari, shi ya saba, sama ma tana da haƙƙi. Yana faɗa yana murza yatsun ƙafarsa, waɗanda ya ce ba ya jin su sosai kwanan nan. Ya ɗauka ban gani ba.

Wa nake cuta in na karɓo? Mutanen da ban sani ba, jikokin da ba a haifa ba. In na bari, wanda nake cuta yana kan tabarma a gabana. Na yi ta addu'a, zuciyata ba ta ce komai ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Tsohon firjin yana kusurwarsa ta da, yana gurnaninsa na da. Allurar na ciki, sanyi ƙalau. Na lulluɓe jan fentin da mayafin tebur, wai don ƙura.

Ban tambayi ƙanena inda ya samo gas ɗin ba. Ni da ko allurar ɗinki aka kawo gidan nan sai na ji asalinta.

A aji wata ɗaliba ta ce, Malama, nata sabon firjin ma ya mutu, yaya za ta yi da maganar rufin nan? Na ce ta same ni bayan an tashi. Da ta zo, na kwatanta mata hanyar filin.