Zaman da Ka Hana Ni a Bakin Ƙofa

Zuwa ga mijina Rodiyon, hasken idona, ɗumin ɗakina ranar da ƙanƙara ta toshe ƙofa, Rodya nawa ni kaɗai ko da duk ƙasar nan ta haddace fuskarka,

Gaisuwa daga Kineshma, daga hannun da ya ɗinka maka rigar da ka fara hawa dandamali da ita. Ka tuna ta? Rigar hadimi ce mai maɓallan tagulla, kai kuwa siriri kamar sandar tsintsiya, sai da na cusa auduga a kafaɗun kafin ka yi kama da mutum. Magana ɗaya tak aka ba ka a wasan, ka shigo ka ce doki ya iso, amma ka yini a ɗakin ɗinki kana maimaita ta har na ji na tsani dawakai. Tun ranar zuciyata ta bi ka, ba ta ko nemi izinina ba.

Shekara da shekaru ina tsaye a bayan labule da zare a wuya, ina kallon ka kana zama likita, kana zama mashayi, kana zama sarki. An harbe ka, an ba ka guba, an soke ka da takobin katako, kuma duk mutuwar da ka yi ni ke wanke jan fentin daga rigarka. Ban taɓa jin tsoro ba, don na san da labule ya sauka za ka miƙe ka tambaye ni ko akwai sauran miyar kabeji a gida.

Sai ranar da masu fim suka kira ka Mosko. Mota na ƙofa, direba sai danna hon yake. Na jawo kujeru biyu bakin ƙofa na ce mu zauna mu yi ɗan shiru kafin tafiya, kamar yadda kowane gida ke yi don hanya ta yi kyau matafiyi ya dawo. Ka ce jirgi ba ya jiran kowa, in ka dawo za mu zauna har mu gaji. Ka sumbaci goshina, ka sauka matakala da gudu. Haba Rodya! Me ɗan zaman nan zai rage maka? Tun daga nan kogin Volga ya daskare ya narke, ya sake daskarewa ya narke, fim yana miƙa ka ga fim, ni kuwa kewarka ta zauna mini a ƙirji kamar sanyin da ya shiga ƙashi.

Ranar Lahadi aka kawo sabon fim ɗinka garin nan. Gwaggo Kapa mai sayar da tikiti ta leƙo ta taga ta ce, “Taisiya 'yata, shiga ki ga gwarzon naki. Ya yi kumatu, wata na ba shi abinci.” Na yi dariyar dole na shiga.

Ga ka nan cike da bango, cikin kakin soja, za ka tafi yaƙi. Har ka kama ƙofa, sai ka sauke jakarka, ka dubi yarinyar nan mai dogon kitso da suka ba ka a matsayin mata, ka ce, “Mu zauna tukuna.” Kuka zauna. Ka ɗora hannunka a kan nata, kuka yi shiru, shirun da na roƙa ka hana ni! Duk matan da ke wurin suka fashe da kuka, ni ma na yi, amma nawa daban ne. Kai da bakinka ka taɓa gaya mini ta waya cewa akwai wata fitowa da kuka yini kuna maimaitawa. Ashe ita ce? Ashe yini guda ka zauna da baƙuwa, ni da na ba ka ƙuruciyata ko numfashi ɗaya ban samu ba? Ba kishi nake yi ba. To, ina yi, kaɗan. Kuma duk wanda ya ɗinka maɓallin wuyan kakin nan a karkace ya ɗinka shi, ka gaya masa in ji ni.

Jiya shugaban gidan wasanmu, Arkadiy Lvovich, ya tsare ni a matakala ya ce in ba ka dawo kafin a buɗe wasannin bana ba, teburinka da madubinka za su koma hannun wani ɗan wasan, Yefim. Kai kuma ka ce an ba ka ɗaki a Mosko, in hau jirgi in same ka. Ka riƙe Moskon, farin cikina, ba zan tsaya tsakaninka da abin da aka halicce ka dominsa ba. Zan bar keken ɗinkina, zan bar kogin da aka haife ni a bakinsa, zan biyo ka ko ɗakin bai fi akwati ba. Na ma haɗa kayana, suna nan bakin ƙofa.

Amma ba zan fita gidan nan ba sai an yi zaman. Gwaggo Kapa ta ce za ta zo ta zauna da ni, na yi mata godiya na ce kujerar tana da mai ita. Har yanzu tana inda na ajiye ta, kewaye ta nake yi in zan yi shara. Ka zo, Rodya, ko da jirgin safe ne mu koma da na yamma. Ka zauna kusa da ni ka yi shiru, ba fitila, ba mai kallo, ba wanda zai ce a sake. Daga nan ka miƙe ka ce mini doki ya iso, in ɗauki akwatina in bi ka.

Taka jiya, taka yau, taka har labulen ƙarshe ya sauka,

Taisiya